Kunnen Ragon Layya

Shekarar da na gama karatun kiwon dabbobi, na dawo gida da takardar shaidar kammalawa, amma hannuna bai taɓa soka allura a jikin dabba mai rai ba. A makaranta mun yi yawa, dabbobin gwaji kuwa kaɗan ne, saboda haka malami ne yake yi, mu muna kewaye da shi muna leƙe ta kafaɗun juna. Na san sunayen cututtuka da alamunsu, na san yawan maganin da ya dace da kowace dabba, amma duk a ka ne.

Domin irina ake yin sitaji. Ga wanda bai saba da kalmar ba, zaman koyon aiki ne: wanda ya gama karatu, ko yake dab da gamawa, sai a tura shi wata ma'aikata ya yi ƴan watanni ƙarƙashin wanda ya daɗe a aikin. Ba a ɗauke shi aiki ba, kuma babu mai tsaya masa a gaban allo. Yana zuwa da safe tare da ma'aikata, yana tashi tare da su, yana kallo, ana aikensa, sannu a hankali a riƙa sakar masa wani abu ya yi da hannunsa. Abin da zai samu ya danganta ga mutumin da aka haɗa shi da shi. Na san abokan karatuna da suka ƙare nasu sitajin a kan benci suna dafa shayi. Ni Allah ya taimake ni.

An tura ni ma'aikatar kiwo ta Madarunfa. Ɗakuna biyu ne da rumfa, da bishiyar bedi, wato darbejiya, a tsakar fili inda ake ɗaure dabbobin da aka kawo. A ɗaki na ciki akwai firijin da ake ajiye maganin rigakafi, wanda kowa ke lallaɓawa kamar jariri. Na sauka a gidan kawuna, can wajen tabki, kuma kowace safiya sai na bi ta inda masunta ke fito da kifi kafin in hau hanyar ma'aikata. Har yau idan na ji ƙarnin ɗanyen kifi da sassafe, wannan tafiya ce take faɗo mini.

Wanda aka damƙa ni a hannunsa dattijo ne da ya kusa ajiye aiki. Mutanen ƙauye suna ce masa Lokotoro, wato likita, ni kuwa ina ce masa Maigida. Tun ranar farko ya raɗa mini Malam Sitaji, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba. Ba mai yawan bayani ba ne. Idan aka kawo dabba, sai ya ja da baya ya ce, "Malam Sitaji, mi ka gani?" Sai in fara jero masa cututtukan da za su iya kasancewa. Ya bari in gama, sa'an nan ya ce, "Madalla. To, yanzu mi ka gani?" Na ɗauki makonni kafin in gane cewa so yake in ce akuyar tana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu, kuma bakinta a bushe yake, in tsaya a nan tukuna.

Aikin da aka ba ni ya riƙa hawa mataki-mataki. Da farko wanke sirinji da tafasa allurai. Daga nan riƙe ƙafar dabba, wanda ya fi yadda ake zato wuya, domin tunkiya ma tana da inda ake kama ta ta natsu. Daga nan goyon akwatin ƙanƙara a bayan moto, wato babur, idan za mu fita ƙauye. Allura dai ba a ba ni ba, ni kuma ban roƙa ba. Ina son a ba ni, ina kuma tsoron ranar da za a ba ni.

A cikin bazara, bayan ƙaramar Salla, labari ya zo cewa ciwon awaki da tumaki ya ɓulla a wasu garuruwa ta wajen iyakar ƙasa. Ciwo ne mai saurin yaɗuwa: zazzaɓi, majina, ƙuraje a baki, zawo, kuma idan ya shiga garke yakan yi ɓarna. Aka ce a fita a yi wa dabbobin da rigakafin baya bai samu ba. A wannan fitar ce Maigida ya miƙa mini wani ɗan awartaki ya ce daga yau kunne nawa ne. Ƙa'idar aikin ita ce, duk dabbar da aka yi wa allura sai a cire ɗan yanki a gefen kunnenta, wanda bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, ya zama shaida. Shi yana allura, ni ina bin sa da awartaki. Na riƙe wannan aiki da muhimmanci ƙwarai. Ban yarda dabba ta wuce ni ba shaida ba, kuma ina ƙoƙari kowane yanki ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Wata safiya muka sauka a wani ƙauye cikin ƙasar Safo. An yi shela tun jiya, saboda haka muka tarar da fili cike a ƙofar gidan maigari: mata da jajayen awakinsu, maza da tumaki, kuka da ƙura ta ko'ina. Muka kafa akwatin ƙanƙara a inuwar gawo muka fara. Rana ta ɗaga sosai sa'ad da wata tsohuwa ta iso da rago. Farin balami ne, dogo, mai manyan kunnuwa da suka zubo har wuya, jikinsa tsaf kamar an wanke shi da safen. Ba ta ja shi ba, tafiya suke tare, igiyar a sake. Ta tsaya a layi tana kallon abin da nake yi wa awakin da ke gabanta. Da aka zo kanta sai ta sa hannu ta rufe kunnen ragon.

"Ɗan nan, wanga ƙarhe na mi ne?"

"Na shaida ne, Inna. Wanda duk aka yi ma allura sai a ɗan tsaga mishi kunne, don a san an yi mishi."

"To, a yi mishi allurar, a bar mishi kunnenshi. Ragon layya ne."

Na yi mata bayani da ladabi cewa allura da shaida tare suke tafiya, ba a raba su. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta juya wajen Maigida kamar ban yi magana ba.

"Lokotoro, kai ne babba. Ka ji abin da na ce."

Maigida bai ɗago ba, yana zuƙo magani daga kwalba. Ya ce, "Ni allura ce tawa, Inna. Kunne na Malam Sitaji ne. Da shi za ki yi ciniki."

Wata mata da ke bayanta a layi ce ta ba ni labarin, da ƙarfi, a gaban mai labarin. Tun da mijin tsohuwar ya rasu ba a sake yanka layya a gidanta ba. Kowace shekara maƙwabta ne ke aika mata nama, ta karɓa ta yi godiya. Bara sai ta sayi ɗan rago da abin da take samu a ƙuli-ƙuli, ta ɗaure shi a ƙofar ɗakinta, tana ba shi dusa da harawa da kanwa, ta ce bana ita ma za ta yanka ta aika wa mutane. "Ko ni ba ta bari in taɓa shi," in ji matar, "bare kai da ƙarhe."

Na san mutane suna ƙin dabba mai yankakken kunne a layya, amma ban san iyakar hukuncin ba, kuma ban so in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan addini. Na kuma san cewa idan ta koma da ragon ba allura, ciwon yana iya riskarsa kafin Salla, domin ƴan garin suna cin kasuwannin iyaka, dabbobi suna shiga suna fita. Sai na ce a taimaka a kira mana liman.

Liman ya fito daga zaurensa da carbi a hannu, mutum mai fara'a, da alama sun daɗe da sanin juna da Maigida.

"Lokotoro, shekara da shekaru kana yanke kunnuwan garin ga, sai yau ka tuna akwai liman?"

"Ba ni ba ne, Malam. Yaron ne mai tsoron Allah. Ni nawa ya ƙare tun a kan jakuna."

Aka yi dariya. Liman ya ce in nuna masa abin da nake cirewa. Na tsinto yanki ɗaya daga ƙasa na ɗora masa a tafin hannu. Ya dube shi, ya dubi kunnen ragon, ya ɗan ɗaga kunnen da yatsa biyu bayan tsohuwar ta janye hannunta da ƙyar.

"Inna, abin da ke hana layya shi ne a yanke abin da ya wuce sulusin kunne. Wanga kunne na ragonki kuwa kamar faifai yake. Ko an cire irin wannan an sake cirewa, ba a kama hanyar sulusi ba. Layyarki ta yi, babu shakka a ciki."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare. Har na gyara riƙon awartaki. Tsohuwar ta shafa wuyan ragon, sa'an nan ta ce, "Na ji, Malam, kuma ban musa ba. Kai ka san littahi. Amma abin da zan kai gaban Ubangiji, so nike in kai shi yadda ya ba ni shi."

Liman ya buɗe hannuwa ya dube ni, alamar shi nasa ya ƙare. Ita kuwa ta juya, ragon ya bi ta, suka ratsa taron suka shige lungu.

Muka ci gaba da aiki. Hannuna yana kan kunnuwan awaki, hankalina yana lungun. Ban ga laifina ba, domin ƙa'idar da aka ba ni na bi. Ban ga laifinta ba kuma. Amma rago mafi kyau a garin ya koma gida ba kariya, kuma ta wurina abin ya tsaya.

Wajen azahar layi ya ƙare. Ƙanƙarar akwatin ta fara zama ruwa, kwalbar ƙarshe da aka haɗa kuma da saura a ciki. Irin wannan magani idan an haɗa shi ba ya jira, abin da ya rage zubarwa ake yi. Maigida ya zauna a gindin gawon yana shan ruwa. Na tsuguna kusa da shi.

"Maigida, ina da tambaya."

"Tun hantsi take rubuce a goshinka. Faɗi."

"Shaidar nan, don wa ake yin ta?"

"Kai ke da awartaki. Kai za ka gaya mini."

Na yi tunani kafin in amsa, domin na san ba ya son a jero masa karatu. Na ce ana yin ta ne don waɗanda za su zo baɗi su san wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba, da kuma masu zuwa duba ko aikin ya kai inda aka ce ya kai.

"To?"

"Ragon nan ba zai ga baɗi ba. Watanni biyu ba su cika ba za a yanka shi."

"In ta sayar fa?"

"Ba na jin za ta sayar. Amma ba zan rantse ba. Ko ta sayar, a wannan lokaci mai saye don yanka zai saya. In ma ya rayu aka sake yi mishi allura baɗi, ba za ta cuce shi ba."

"In shugaban ma'aikata ya tambaya?"

"Sai a gaya mishi gaskiya. Rago ɗaya an yi mishi allura ba a yi mishi shaida ba, ga dalili."

"Wa zai gaya mishi?"

"Ni."

Ya ɗan dube ni, ya ajiye gorar ruwan, ya buɗe akwatin, ya zuƙo magani a sirinji, ya ɗaga shi sama ya fitar da iska. Sai ya miƙo mini.

Na ce, "Maigida, ni kunne ne nawa."

"Yau babu kunne. Kai ka yanke hukunci, kai za ka soka. Yi sauri kafin ya ɗumama."

Aka nuna mana gidan. Maigida ya tsaya a zaure, ya ce shi ƙafarsa ta gaji. Na yi sallama na shiga, sirinji a naɗe cikin tsumma mai sanyi. Ƙaramin gida ne, an share shi fes, ga turmi, ga kaskon tuyar ƙuli-ƙuli a kife, ga ragon a turkensa ƙarƙashin ƴar rumfar kara. Tsohuwar ta fito daga ɗaki, idonta ya fara sauka a hannuna.

"Ina ƙarhen?"

"Na bar shi waje, Inna. Allura kaɗai na kawo."

Ta dube ni da kyau, sa'an nan fuskarta ta sake. Ta kira maƙwabciyarta ta katanga, wadda ta ba ni labarin ɗazu, ta ce ta zo ta ga angonta ya biyo ta har gida. Haka tsofaffi ke yi wa sa'o'in jikokinsu, kuma daga wannan lokaci na zama ango.

Ta riƙe kan ragon a jikinta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya ta gefen kafaɗarsa, na tsinko fatar da yatsu na ɗaga ta yadda na ga Maigida yana yi ba adadi. Fatar ta fi yadda na zata kauri, da ɗumi, kuma tana motsi.

"Angona, hannunka rawa yake."

"A'a, Inna."

"Rawa yake mana. Ko in kira maka Lokotoro?"

Maƙwabciyar ta ce, "Bar shi, ango ne, kunya yake ji."

Na yi bisimilla na soka. Ragon ya ɗan zabura, ta danne shi. Na tura maganin a hankali, na zare, na murza wurin. Masu koyo sukan huda fatar ta ɓulle ta ɗaya gefen, maganin ya zube a gashi ba su sani ba, saboda haka na shafa wurin na duba yatsuna, na sake shafawa na sake dubawa. A bushe yake. Na fito zaure na sami Maigida. Ya karɓi sirinjin ya duba ya ga babu saura, ya ce mu tafi.

Washegari na shiga wurin shugaban ma'aikatar na gaya masa abin da na yi da dalilina. Ya saurara, ya ce ya fahimta, amma kada ya zama al'ada, kuma nan gaba a sanar da shi tun kafin a yi. Na ce to. Na ɗauka an rufe maganar ke nan.

Kwana biyu bayan haka wani mai amalanken jaki daga ƙauyen ya biyo ta ma'aikata da saƙo: tsohuwa ta ce a gaya wa yaron Lokotoro ragonta ya daina cin abinci.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na san allurar takan sa ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Na kuma san cewa idan dabba ta riga ta kamu kafin a yi mata, allura ba ta tsare ta, kuma farkon ciwon ma da ƙin cin abinci yake farawa. Ko wanne ne, a idon garin abu ɗaya ne: rago lafiyayye, yaro ya shiga gida ya soka masa allura, ya kwanta. Maigida ya ba ni makullin moto da ma'aunin zafi. Ya ce, "Ka tahi ka duba. Abin da ka gani za ka gaya mata, ba abin da kake tsoro ba."

Na same ta zaune a kan tabarma kusa da turken. Ragon yana kwance, ga kwaryar dusa a gabansa ba a taɓa ba. Ta amsa sallamata a taƙaice. Ba ango a ranar.

"Ɗan nan, ga aikinka."

Na tsuguna na fara daga baki. Na buɗe leɓɓansa na duba dasashi da harshe, babu ƙuraje. Hanci a bushe, ba majina. Idanu garau. Na duba ƙarƙashin wutsiya da inda ya yi kashi, babu alamar zawo. Na sa ma'auni, zafin ya ɗan hau amma bai kai na ciwon ba. Inda na soka allurar akwai ɗan kumburi kamar ƙwayar gyaɗa. Na sake bin duka daga farko, don kada son raina ya sa in tsallake wani abu.

Na ce, "Inna, abin da na gani ya hi kama da zazzaɓin allura, irin wanda yara ke yi in an yi musu rigakahi. In shi ne, yau ko gobe zai tashi. Alamun ciwon da ake tsoro ban ga ko ɗaya ba. Amma ciwon yakan ɓoye kwanaki kahin ya hito, saboda haka ba zan ce miki babu shi ba sam."

"Ba ka iya ce mini zai warke, kawai?"

"In na ce haka na faɗi abin da ban sani ba."

Ta yi tsaki a hankali. "Lokotoro da ya ce mini zai warke."

"Wataƙila. Shi ya ga dubunsu. Ni wannan ne na farko."

Ta juyo ta dube ni. "Na farko?"

"Na farko, Inna."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "To, ai sai ka zamna ka ga ƙarshen aikinka." Ta tura mini kujerar tsuguno da ƙafa.

Na zauna. Na sa aka canza masa ruwa da mai sanyi daga randa, na gyara rumfar inda rana ke shigowa, ban da wannan babu abin yi sai jira. Zafin bazara ya kwanta a gidan, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Da azahar na je masallaci na dawo. Ta dama fura ta miƙo mini. Can sai ta fara magana, ba ni take kallo ba, ragon take kallo. Ta ce marigayi mijinta ko a shekarar da hatsi bai yi ba sai ya yanka, ko da ɗan bunsuru ne, kuma shi da kansa yake wanke dabbar ranar jajibiri. Ta ce ba naman ne ya dame ta ba, haƙoranta ma ba su iya shi. Abin da ya dame ta shi ne kowace Salla yara su shigo da kwano a rufe, su fita da kwano wayam. Ta lissafa mini gidajen da take so ta aika wa, da wanda zai samu cinya, da wanda zai samu haƙarƙari, da wata da suka yi faɗa bara amma duk da haka za ta samu. Na saurara, ina satar kallon cikin ragon ina duba numfashinsa.

Bayan la'asar, da inuwa ta miƙe, ragon ya ɗaga kai. Ya miƙe da ƙafafun baya, sa'an nan na gaba, ya girgiza jiki har kunnuwan suka yi ƙara. Ya sha ruwa. Ya sunsuni dusar ya kau da kai. Tsohuwar ta tashi ba gaggawa, ta ciro damin harawa daga kan rumfa ta warware masa. Ya ja ganye ɗaya, ya tauna, ya sake ja. Muka tsaya muna kallonsa yana ci har ya kai rabin damin.

Na ce mata duk da haka ta sa ido kwanaki masu zuwa, in ta ga majina ko zawo ta aiko nan take, kuma kada ta bar shi ya haɗu da dabbar da aka sayo daga kasuwa.

"Na ji, angona. Kai dai ba ka iya barin mutum ya yi murna ba sharaɗi."

Ba ta aiko ba. Na koma sau biyu da kaina kafin Salla, na same shi yana ci yana ƙiba. Ba zan ce allurata ce ta tsare shi ba, domin iyakar sanina ciwon bai shiga garin ba a wannan shekara, ko da yake ya taɓa wasu garuruwa da ba su da nisa. Abin da zan iya faɗa shi ne an yi masa, kuma an yi daidai. Bayan wannan Maigida ya riƙa ba ni sirinji a kowace fita, mu yi musaya, shi ya karɓi awartaki yana gunaguni cewa an mayar da shi ɗan sitaji da furfurarsa.

Watannina sun cika dab da Salla, na koma wajen iyayena. Yanzu ina aiki a wani wuri mai nisa da tabkin, Maigida kuma ya ajiye aiki ya koma gonarsa. Nakan yi kewar waɗannan watanni fiye da yadda na zata, lokacin da kowace safiya akwai abin da ban taɓa yi ba, kuma akwai mutum a gefe da zai bar ni in yi.

Ban ga layyar da idona ba. Maigida ne ya ba ni labari da na kira shi barka da Salla, shi kuma a bakin liman ya ji. Bayan an sauko daga idi liman ya yanka nasa, sa'an nan ya taka har ƙofar gidan tsohuwar ya yanka mata. Ta sa an wanke ragon tun jajibiri. Washegari ta zauna a tsakar gida da kwanuka a gabanta tana rabo, tana faɗin gidan da za a kai kowanne, har da gidan wadda suka yi faɗa.